Likita ya ce idon Baba lafiya lau, amma yana duban abu ba ya ganinsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 71, kuma har yanzu shi yake tuƙa motarsa. Cikin shekaru biyun nan mun lura yakan tsaya gaban teburi yana neman kwalbar maganinsa alhali tana gabansa a cikin sauran tarkace, kuma a taron jama'a yakan daɗe bai gano mai ɗaga masa hannu ba. Watan jiya ya kusa buge mai babur a wata mararraba, ya kuma rantse cewa ya duba wajen bai ga kowa ba. Mun kai shi wurin likitan ido, ya karanta haruffan allo har layin ƙasa da tabaransa, aka ce idonsa lafiya lau. Yayana ya ce gigin tsufa ne ya fara, a karɓe makullin mota. Baba kuwa ya ce tunda likita ya wanke shi, raini ne kawai muke kawo masa. Na rasa wanda zan bi. Daga wata 'yarsa.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya saka miki da alheri da kika tsaya neman sani kafin a yanke hukunci a kansa. Da Baba ya rantse cewa ya duba bai ga mai babur ba, akwai kyakkyawan zaton gaskiya ya faɗa, domin mutum yana iya juya kansa, idonsa ya sauka a kan abu, hoton abin ya shiga idon sarai, amma labarin bai kai ga saninsa a kan lokaci ba. Shi ma likitan ya amsa tambayar da allonsa yake iya amsawa ne, ita kuwa daban take da wadda ke damun gidanku.

Ki tuna yadda aka yi gwajin. Haruffa ne baƙaƙe a kan farin allo, a tsaye cik, a ɗaki mai haske, an nuna masa daidai inda zai duba, babu abin da ke giftawa ta gefe, babu kuma mai ƙirga masa daƙiƙa. Abin da ake aunawa a nan shi ne kaifin gani na tsakiyar ido, wannan tsakiyar kuwa ƙarama ce ƙwarai: idan kika miƙe hannunki kika dubi farcen babban yatsanki, faɗin farcen shi ne kusan iyakar wurin da kike gani tar a kallo ɗaya. Sauran duk dishi-dishi yake zuwa, ba ma lura ne saboda ido yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau 3 a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen ta ba mu hoto guda mai kama da cikakke. Saƙon yana fita daga kowane ido ta wata jijiya mai zaruruwa kimanin miliyan 1, ya ratsa ƙwaƙwalwa har ya isa ƙeya, inda sashen gani yake. Daga can ya rabu gida biyu, hanya ɗaya ta gangara ta gefen kai tana tantance ko mene ne abin, ɗayar ta haura sama tana tantance inda yake da inda ya nufa. A kan wannan duka akwai aikin zaɓe, wanda sassan goshi da na saman kai suke jagoranta, su ne masu yanke abin da za a kula da shi da wanda za a yi watsi da shi. Mafi yawan wannan aikin allon likita bai taɓa shi ba.

Shekaru suna taɓa kowane mataki na wannan tafiya. A cikin idon kansa, ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido tana tsukewa, madubin da ke bayanta yana ƙara kauri yana komawa rawaya, har ana ƙiyasta cewa hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa na ɗan shekara 20. Shi ya sa mutum mai tufafi masu duhu a kan kwalta da almuru yake sajewa da hanya, fitilar motar da ke tahowa take ƙara kashe ido, idon kuma yake daɗewa kafin ya dawo daidai.

Sai dai abin da wasiƙarki ta fi nunawa yana cikin ƙwaƙwalwa ne, kuma na farkonsa shi ne sauri. Zaruruwan da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa suna da wani farin rufi mai maiƙo wanda ke sa saƙo ya yi gudu, rufin nan kuwa yana sirancewa a hankali yayin da shekaru ke turawa. Masanin halayyar ɗan Adam Timothy Salthouse ya kawo hujja a 1996 cewa yawancin abin da ake gani kamar raguwar basira a wurin tsofaffi, asalinsa wannan nawa ce ta sarrafa saƙo: amsar tana nan, kuma daidai take, amma ta makara. A cikin falo wannan makara ba ta da wata illa, sannu ba ta hana zuwa. A kan titi kuwa lissafin daban yake, domin motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, wato jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya ci mita 7, kuma sau da yawa iyakar tazarar da ke tsakanin mota da mai babur ke nan.

Wasu masana a Amurka, musamman Karlene Ball da Cynthia Owsley na Jami'ar Alabama da ke Birmingham, sun daɗe suna auna wannan abu da wani gwaji na kwamfuta wanda zai taimaka miki ki fahimci ranar mararraba. Ana walƙa hoton mota ƙarama ko babba a tsakiyar allo na ɗan ƙiftawar ido, a ce mutum ya faɗi wadda ya gani. Daga nan sai a riƙa walƙa wata motar a gefen allo a lokaci guda, a ce ya faɗi ta tsakiyar ya kuma nuna inda ta gefen ta bayyana. A mataki na ƙarshe sai a cika allon da wasu alamomi marasa amfani domin su ɗauke masa hankali. Abin da ake nema shi ne faɗin filin da mutum yake iya kwasar labari daga cikinsa a kallo ɗaya ba tare da ya motsa ido ko kai ba. An gano cewa wannan fili yana tsukewa da shekaru, kuma yana ƙara tsukewa idan tsakiyar ta riƙe hankalin mutum. A wani bincike da aka buga a 1998 an bi direbobi 294 masu shekara 55 zuwa 87 har tsawon shekara 3, waɗanda filinsu ya ragu da kashi 40 cikin 100 ko fiye sun ninka sauran haɗari sau 2.2, kuma babban dalilin shi ne wahalar raba hankali gida biyu cikin ɗan lokaci. To, ki ɗora wannan a kan Baba: hankalinsa yana kan motar da ke tahowa, yana lissafin ko zai iya shigewa kafin ta iso, filin ya tsuke ya koma kanta, babur ɗin kuma ya shigo ta wurin da ido yake gani amma hankali ya janye daga can.

Abu na biyu shi ne tacewa, kuma shi ne ya fi bayyana zancen kwalbar magani. Hankali kamar mai gadin ƙofa yake, aikinsa ya shigar da wanda aka gayyata ya kuma tare wanda ba a gayyata ba. Lynn Hasher da Rose Zacks sun nuna tun 1988 cewa aikin tarewar ne ya fi yin rauni da tsufa. A 2005 Adam Gazzaley da abokan aikinsa sun nuna wa matasa da tsofaffi hotunan fuskoki da na wurare suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, aka ce su riƙe wasu su yi banza da wasu. Tsofaffin sun iya ƙarfafa abin da aka ce su riƙe kamar yadda matasa suka yi, amma da yawansu sun kasa danne abin da aka ce su bari, kuma waɗanda suka fi kasa dannewar su ne suka fi mantuwa daga baya. Saboda haka sa'ad da Baba ya tsaya gaban teburi, kwalbar tana shiga idonsa, amma tana shiga ne tare da makulli da carbi da takardu da wasu kwalabe uku masu kama da ita, kowanne yana neman a kula da shi.

Akwai wani bambanci mai amfani a nan wanda Anne Treisman ta fayyace a 1980. Idan abin da ake nema ya bambanta da sauran ta siffa guda ɗaya fitacciya, kamar jan abu ɗaya a cikin farare, yakan yi tsalle ya faɗo wa ido da kansa ko da tarkacen yana da yawa, kuma wannan baiwa ba ta cika lalacewa da tsufa ba. Idan kuwa sai an haɗa siffofi biyu ko uku, a ce farar kwalba, gajera, mai shuɗin murfi, a cikin wasu fararen kwalabe, to dole hankali ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne tsoho yake cin lokaci. Haka gano fuska ɗaya a cikin taro yake. Magance matsalar kwalbar ba ya buƙatar likita: ki naɗa jan zare ko jar leda mai ɗanko a jikin kwalbar, ki ware mata wuri guda a kan farin faranti inda babu wani abu, ki ga yadda neman zai ragu.

Ƙwaƙwalwar tsoho ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Tun daga binciken Cheryl Grady na 1994 ake ganin cewa idan aka ba tsofaffi aikin gani, sashen ƙeya yana yin aiki ƙasa da na matasa, sassan goshi kuma suna ƙara himma, kamar suna cike giɓin. Ma'anar wannan ita ce abin da saurayi yake yi a ɓagas, dattijo yana biyansa da ƙoƙari, kuma sassan da yake arowa su ne dai waɗanda hira da lissafi da damuwa suke buƙata. Na sha ganin iyali suna zama kusa da dattijo a mota suna jansa da labari wai don kada ya gaji, alhali suna cinye masa ɗan rarar da yake tuƙi da ita ne. Rediyo da waya da gajiyar yamma duk haka suke yi masa. Kada kuma a ɗauka komai raguwa yake yi, domin wani bincike na 2021 a kan mutum 702 masu shekara 58 zuwa 98 ya samu cewa saurin zabura ya ragu, amma wasu ɓangarorin hankali sun riƙe ƙarfinsu, har ma sun inganta zuwa cikin shekaru 70. Bambancin da ke tsakanin tsoho da tsoho yana da faɗi ƙwarai, shi ya sa adadin shekaru kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an auna mutumin.

Game da maganar yayanki, abubuwa ukun da kika lissafa, su kaɗai, ba su kai a kira su cutar mantuwa ba, kuma jifan dattijo da wannan kalma ba tare da bincike ba yana rufe ƙofar magana. Amma akwai alamomin da idan kin gan su ba a jira. Ki lura ko yana ɓata a hanyar da ya saba, ko ya kai hannu ga kofi ya kuskure shi, ko layi yana ɓace masa in yana karatu, ko sa riga ya fara ba shi wahala, ko yana kasa gane fuskar ɗan gida sai ya ji murya, ko yana ganin mutane da dabbobin da babu su. Akwai wani nau'in ciwo da likita Frank Benson ya siffanta a 1988, wanda yawanci cutar mantuwa ta Alzheimer ce ke jawo shi, amma maimakon ya fara da mantuwa sai ya fara da ƙanƙancewar sassan bayan ƙwaƙwalwa, masu shi sukan yi ta sauya tabarau ana ce musu idonsu ƙalau. Ki kuma lura ko matsalar ɓari ɗaya take bi: idan kullum gefe guda na motar ne yake gogewa, ko kafaɗa guda yake bugawa a bakin ƙofa, ko yana barin abinci a rabin faranti bai sani ba, wannan yana iya zama ragowar wani ƙaramin bugun jini a ƙwaƙwalwa. Duk kuwa abin da ya zo farat ɗaya, kamar ɗaukewar rabin gani, ko ganin abu biyu-biyu, ko karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, asibiti ake nufa a wannan sa'ar.

Shawarata ita ce ku koma wurin likitan ido, wannan karon da buƙatu a rubuce. A auna faɗin ganinsa na gefe da na'ura, a auna hawan jinin ido, a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa bayansa, a kuma duba yanar ido da yadda yake jure haske mai kashe ido. Gwajin gefen yana da muhimmanci na musamman, domin hawan jinin ido yana cin gani ne daga gefe ya bar tsakiya tar har sai ya yi nisa, kuma mai shi ba ya ganin baƙin tabo, ƙwaƙwalwarsa tana cike gurbin da abin da ke kewaye, ta yadda babur zai iya shiga gurbin ya ɓace ɗungurungum. Idan kuma yanar ido ce ta fara, labari ne mai daɗi, domin aikinta yana da sauƙi, kuma Owsley ta samu a 2002 cewa direbobin da aka cire wa yana sun yi kusan rabin haɗarin waɗanda ba a cire wa ba. Bayan nan sai ku ga babban likita, ku zuba duk magungunan da yake sha a jaka ɗaya ku tafi da su, har da waɗanda ya saya da kansa, domin maganin barci, da na kwantar da hankali irin su diazepam, da na mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi duk suna ƙara wa ƙwaƙwalwa nawa. A duba hawan jini da sukari da ji, a tambayi barcinsa, musamman idan yana minshari mai yankewar numfashi, a kuma yi masa ɗan gwajin tunani na mintoci. Ki bi shi da kanki, ki rubuta abubuwan da suka faru da ranakunsu, saboda mutum ba ya iya ba da labarin abin da bai gani ba.

Zancen makulli kuwa, ban goyi bayan a ƙwace shi yau ba, ban kuma yarda a bar abin yadda yake ba, domin ran da ke kan babur ɗin nan shi ma rai ne. Kafin sakamako ya fito, Baba ya ajiye tuƙin dare da na almuru da na lokacin ruwan sama da na cunkoso, ya tsaya ga hanyoyin da ya sani, da safe, lokacin da hankalin yawancin tsofaffi ya fi kaifi. Ya zaɓi hanyar da ba sai ya yanke gaban motocin da ke tahowa ba ko da ta fi nisa, domin a irin wannan kwana ce haɗarin tsofaffin direbobi ya fi yawa. A kowace mararraba ya tsaya cik, ya juya kansa gaba ɗaya hagu da dama, ya sake dubawa yana neman babur da mai tafiya a ƙasa musamman, tunda ƙwaƙwalwa ta fi saurin ganin abin da take tsammani. Ki zauna kusa da shi sau da dama ki yi shiru ki lura: shin ana yawan yi masa ham, shin motoci suna ba shi mamaki kamar daga sama suka faɗo, shin yana taka birki a makare? Idan gwaji ya nuna giɓi a ganin gefe, ko ciwon ƙwaƙwalwa, ko aka sake samun wani tsautsayin irin na watan jiya, to tuƙi ya ƙare, kuma wajibi ne a kanku ku tanadi wanda zai riƙa kai shi inda ya saba zuwa tun kafin ku faɗa masa, domin dattijon da aka zaunar a gida ba tare da madadi ba yakan faɗa cikin kaɗaici da baƙin ciki.

A gida, a ƙara haske, musamman a matakala da hanyar banɗaki, a shafa wa bakin kowane mataki launi mai fita, a rage tarkace. Idan tabaransa mai hawa biyu ne, ƙasan gilashin yana dusashe ƙasa yana jawo tuntuɓe, sai a yi masa wani na tafiya daban.

Ana iya ƙara saurin nan da horo, amma gwargwado. A wani babban bincike a Amurka mai suna ACTIVE, wanda ya haɗa mutum kusan 2,800 masu shekara 65 zuwa sama, an ba wasu zama 10 na horon kwamfuta irin gwajin motocin da na siffanta, saurinsu ya ƙaru, kuma a shekarun da suka biyo baya haɗarin da laifinsu ne ya ragu da kusan rabi. Wannan bai zama shaida ga kowane wasan waya da ake tallatawa da sunan gyara ƙwaƙwalwa ba, yawancinsu suna ƙware mutum ne a wasan kawai. Tafiya da ƙafa ta fi su arha: Arthur Kramer ya nuna a 1999 cewa tsofaffin da suka yi wata 6 suna tafiya mai ɗan sauri sun inganta a ayyukan da ke buƙatar juya hankali da danne abin da bai dace ba.

Sa'ad da za ki yi masa magana, ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, kada a tara masa 'ya'ya kamar zaman shari'a, kuma ki roƙi yayanki ya ajiye kalmar gigin tsufa gaba ɗaya. Ki fara da gaskata shi, ki ce, Baba, na yarda ka duba ba ka gan shi ba, shi ya sa nake so a ƙarasa gwajin da ba a yi ba, don allon nan tsakiyar ido kawai ya auna. Ki nemi alƙawari guda ɗaya a wurinsa, cewa zai ajiye tuƙin dare har sakamako ya fito, kuma duk abin da likita ya yanke za a bi, ko ya yi wa yayanki daɗi ko ya yi wa Baba. Idan ya ƙi saurarenki, ki nemi wani amininsa ko ƙaninsa da yake jin maganarsa ya raka ku asibitin, ki kuma sanar da likitan zancen mararraba tun kafin ku shiga, domin ya zama shi ne zai tayar da batun tuƙin da bakinsa.